Fuskar Matar Damonikos

Da na dawo Atina daga karatu a Militus, na tarar babu abin da ya sauya. Alloli suna nan suna fushi, mutane suna nan suna tururuwa zuwa dandalin wasan kwaikwayo da busasshen ɓaure a hannu don su kalli fushin. Can an koya mana cewa tsawa karon gajimare ce kawai. Da na faɗi haka a gida, uwarmu ta tofa yawu a ƙirjinta, ta ce in rufe mata baki kafin rufin ɗaki ya rufto mana.

Yayana Falantos marubucin wasan makoki ne, kuma a bana ya sami gurbi a gasar wasanni ta bikin ubangijin giya. Ya karanta mini labarin. Wani sarki ya ƙyalla ido ya ga wata mata mai hidimar uwargijiyar rafi, ya kasa ci ya kasa barci, ya sa aka kawo masa ita. Uwargijiyar ta ƙafar da rijiyoyin ƙasarsa, ta haukata shi, ya cinna wa fadarsa wuta da 'ya'yansa a ciki. Ita matar ta rataye kanta. Na tambaye shi laifin da ta yi. Ya ce ban san wasa ba.

Ana gobe biki na same shi a bayan dandali ya ɗora fuskar aron matar a cinya yana shafa ta. Ƙyalle ce da danƙo kamar kowace, baki a buɗe, gashin doki a kai. Amma akwai tawadar Allah a gefen hancinta, da ɗan tabo da ya raba girar hagu biyu. Babu maƙerin fuska da ke sa irin wannan don ra'ayin kansa.

Na ce, “Yaya, fuskar wa ce wannan?”

Ya waiga, ya rage murya. “Matar Damonikos.”

Damonikos shi ne attajirin da ya ɗauki nauyin wasan, tun daga abincin 'yan amshi har ƙyallen da aka yi fuskar da shi, kuma gobe a sahun gaba zai zauna. A garinmu matar kirki ko sunanta ba a kira a waje, balle a san girarta. Wanda ya san girar, ya shiga inda ba a aike shi ba. Kwarto kuwa jininsa a hannun mai gida yake.

Na ce masa ya kankare tawadar. Ya ce ba zai iya ba, uwargijiyar sha'awa ce ta riƙe hannunsa. Na ce kullum ita ce dai, ba ta taɓa tura mutum ya yi sharar kasuwa ba. Ya ce duk Atina shi kaɗai ne ya san fuskar nan, sai mijin, kuma idan mutuwar ce ya yarda, ko ba komai za a tuna da shi.

“Malam ɗan Militus,” in ji shi, “ku da kuka auna rana da tafin hannu, me kuka sani game da zuciya?”

Washegari na zauna a inda nake hango ƙeyar Damonikos. Aka yanka ɗan alade, aka zuba giya a ƙasa, 'yan amshi suka shigo suna kuka tun kafin a yi musu komai. Sai ga wani ƙato mai gashin ƙirji ya fito sanye da fuskar, yana maƙale murya.

Damonikos bai motsa ba. Wasu ne suka motsa. Lamfiros mai kifi, wanda ke zaune gabana, ɓaure ya sarƙe shi har sai da aka bubbuga masa baya. Wani likita ya ja mayafi ya rufe kansa, ga shi ba a kai wurin kuka ba. Can ƙasa wani daga cikin alƙalan gasar ya sunkuya neman takalmin da ke ƙafarsa, bai ɗago ba sai da matar ta koma ciki. Na dubi yayana a gefen dandali. Ba mijin yake kallo ba. Su yake bi da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi kamar mai ƙirgawa.

Aka ƙone fada, aka rataye mata, aka sauko da uwargijiyar rafi daga sama da igiya, ta bayyana cewa duk wannan adalci ne. Jama'a suka sha kuka suka ji daɗi. Wasan ya zo na biyu.

Da yamma Damonikos ya tara mu shan giya a gidansa. Ya shigo da fuskar a hannu, ya nufi Falantos kai tsaye. Na duba inda ƙofa take. Sai ya rungume shi, idonsa jawur. Ya ce ba zai kai ta ɗakin bauta ba kamar yadda aka saba, a bangon nan zai rataye ta. Ya ɗaga ta sama ya daɗe yana kallo.

“Ɗan'uwa, a ina ka samo irin wannan kyau? Da ina da kamarta a gida, ai da ba na fita.”

Babu wanda ya yi dariya. Likitan ya nemi a ƙara masa giya, kada a surka da ruwa.

A hanyar gida na ce wa Falantos ya gode, kansa yana bisa wuyansa. Ya tsaya a tsakiyar titi ya ce gara a ce an yanka shi. Ya ce mai kifi fa, mai kifi. Ya ce yanzu ya tabbata alloli suna hukunci, kuma sun fi marubuta mugunta. Na ce ni dai ban ga igiya ta sauko da kowa ba.

Bai ƙara bi ta layin Damonikos ba. Ya fara sabon wasa. Tun a shigowar 'yan amshi, ubangijin teku ya nutsar da wani mai kifi.