A Bar wa Auta

Yaya irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu yana tafiya a hankali su ƙyale shi. Tun rasuwar mahaifinsu shi ke riƙe da gidan, kuma riƙon bai tsaya a ci da sha ba. Ko ƙwan fitila ne ya mutu a ɗakin ƙanwarsa Auta, ba ta isa ta taka kujera ta canja ba. Da ya ga kwamfutarta tana jan ƙafa wajen fitar da zanen ginin da za ta kare gaban malamanta washegari, sai ya je ya sayo sabon furosesa, ƙwaƙwalwar injin ke nan, ya kwance akwatin kwamfutar a kan teburin falo ya ɗaura shi da hannunsa.

Da a nan ya tsaya, da an zauna lafiya. Ina! Sai da ya shiga shafin saitin madabod, wato faifan da duk kayan injin ke manne a kai, ya lalubo gudun memori, ma'ajin aikin injin, ya zaɓi lamba mafi girma da idonsa ya gani.

Kwamfuta ta tashi kamar abin arziki. Auta ta buɗe aikinta ta sa ya fara fita, yana kaiwa rabi allon ya yi shuɗi, komai ya ɗauke. Aka sake, haka. Idan zanen bai fita ba, shekarar ta tafi ke nan. Amma ta kasa ɗora masa laifi, ganin yadda gumi ke bin ƙeyar Yaya, ga kwalin kyautar da ya kawo mata yashe a gefe.

Yaya ya kira mai gyaran da ya sayar masa da kayan. Can shagon janareta na ruri, mutumin kuma mai saurin baki ne.

"Ranka ya daɗe, ka taɓa gudun memori?"

"Na ƙara masa kaɗan."

"To fitar da hannunka. Ka bar wa Auto kawai!"

Layin ya yanke. Yaya ya daɗe yana kallon wayar, fuska a murtuke. Sai ya miƙe, ya juyo wa Auta da kujerar.

"Wai in bar miki. Ban ma san ya san ki ba. Zauna."

Auta ta zauna, ba ta san ta inda za ta fara ba. Ta kunna, ta yi ta danna maɓallin da ta ga yana dannawa har shafin saitin ya buɗe. Ta bi jerin lambobin da ke gaban gudun memori a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Can saman su duka ta ga kalmar, harafi ɗaya ne ya raba ta da sunanta. Dariya ta taso mata, ta danne ta da tari. Ta zaɓi Auto, wato madabod ya nemo wa kansa gudun da zai iya ɗauka da sabon furosesan, ta adana, ta sake kunnawa.

Zanen ya kama fita. Ya wuce rabi, ya ci gaba, da saurin da ba ta taɓa gani ba a wannan injin. Da ya kammala ta kifa kai a kan teburin, hawaye na zuba, tana hamdala.

"Yaya, Allah ya saka da alheri. Wallahi da tsohon ne da har gobe muna nan."

Yana tsaye a bayanta riƙe da sukurdireba, kamar wanda ya rasa inda zai ajiye ta. Ta buɗe baki za ta gaya masa abin da mai gyaran ya ce da gaske, sai ya riga ta.

"Mutumin nan ya ɓata min rai," ya ce a hankali, "amma gaskiya ya faɗa. Ke kin girma, ni ne ban lura ba."

Ta mayar da bakinta ta rufe. Ya miƙa mata sukurdirebar ya ce ta ɗaure murfin akwatin da kanta, shi zai je ya wanke hannu.