Tsinken Ranar Talata

Shekara biyu ina kai tsohuwata, maiɗakina, ƙaramin asibitin unguwarmu duk ranar Talata, saboda gyambon da ciwon suga ya buɗe mata a diddige. Mai wanke mata shi wani ma'aikaci ne da kowa ke kira Ɗan Auduga. In ya gama wanki sai ya zaro tsinke a tsintsiya, ya gwada faɗin ciwon, ya karya daidai, ya manna a bayan katinta. In tsinken ya gajarta, ƙafa na samun sauƙi. Likita kuwa ya riga ya gaya mana, ranar da tsinken ya fara tsawo, sai yanke ƙafar.

"Iya, yau ma kin rage mini tsinke," haka yake ce mata.

"Kai dai tsintsiyar gwamnati za ka ƙarar a kaina, ja'iri."

Wata Talata muka tarar da kwaɗo a ƙofa, an liƙa takarda mai hatimi. Ɗan Auduga na zaune a bencin waje, babu farar riga.

"Baba, an ce tsuke bakin aljihu ake yi. Wai an haɗe mu da babban asibiti. Mu dai an sallame mu, mu tara."

"Katinta fa?"

"Yana ciki. Mai makullin ma har da shi aka sallama."

Muka ɗan zauna, muka tashi.

Babban asibitin sai an hau mota biyu. Kowane zuwa sabuwar fuska, mutum ɗaya na aikin mutum biyar. Na roƙi wata ma'aikaciya ta gwada ciwon da tsinke. Ta dube ni da jajayen idanu, ta kira na bayanmu. Ban ga laifinta ba. A zuwa na huɗu aka ce auduga ta ƙare, ƙafar kuma ta kumbura da wahalar hanya. Tsohuwa ta ce ita ta gama zuwa.

Kafin Ɗan Auduga ya bar gari neman abin yi, ya biyo ta gida ya nuna mini wanki da ruwan gishiri. Yanzu ni ke yi, da wannan hannu na tsufa. Tsinkayen ina soke su a jikin taga.

Yau Talata. Na wanke, na gwada, na kai taga na jera da na makon jiya. Na yau ya ɗara da faɗin farce.

"Malam, ya tsinken?" ta ce daga kan gado.

Na sa farce na ɓalle kan na yau, na miƙa mata biyun.

"Kin rage."

Ta jujjuya su, ta shafa inda na ɓalle da ɗan yatsa.

"To," ta ce, ta juya wajen bango.

Na ɗauki kwanon ruwan na fita zubarwa.