Ranar da Shekara Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Shekara tana ɗiga wa maƙwabciyarta Baiwa kunu da ludayi sai suka ji saukar bulala ta bayan katanga. Ɗaya, biyu, sannan muryar yarinya: "Baba, wallahi rijiyar ce ta ƙafe!"

Baiwa ta kau da baki daga ludayin. Kwana tara ke nan tana kwance, ƙafafu sun kumbura, amma kunnenta garau yake.

"Gidanki ne," in ji ta.

"Sha kunun nan tukuna, Yaya."

"Na ce gidanki ne, Shekara."

Ai ta sani. Jikarta Mariyama ake duka, 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda uwarta ta rasu, mai dukan kuwa Muntaka ne, ɗan da Shekara ta haifa. Tun da aka rufe iyaka ya dawo Matameye daga Kano hannu Rabbana, ya iske gero ya ƙone a gona bai ko fid da kai ba, sai fushinsa ya koma kan yarinyar. In ta dawo da rabin tulu, duka. In ta daɗe a layin hatsin taimako, duka.

Unguwar kuwa tana da maganin irin wannan, kuma Baiwa ce ta ƙago shi. Da soja suka ce ba taro sai da takardar kumandan, ita ta ce ai ba a taɓa neman takarda don daka ba. Duk namijin da aka ji yana jibgar 'ya mace, ko ya tare ta a hanyar itace, sai mata su mirgino turame ƙofarsa, su yi ta lugude ba ko ƙwaya a ciki, Baiwa tana ƙwala kiran sunansa har ya fito ya ɗauki alkawari gaban jama'a. Wani jandarma ya taɓa zuwa ya tambayi me ake yi. Baiwa ta ce, "Daka muke, ranka ya daɗe. Hatsin ne bai iso ba." Ya leƙa turmin, ya girgiza kai, ya yi gaba.

Shekara ta yi lugude a ƙofofi sun fi goma, amma kiran suna ba aikinta ba ne. Wannan sunan kuwa shekara talatin da shida bai taɓa fita daga bakinta ba, don Muntaka ɗan fari ne, kuma mace mai kunya ba ta faɗin sunan ɗan farinta. "Wancan" take ce masa.

"Bari ki ji sauƙi ki kira shi da kanki," ta ce.

Baiwa ta yi 'yar dariya da ta koma tari. "Tun muna amare ba ki iya ƙarya ba. Wane sauƙi? Ni kam na kama hanya. In kika ƙyale shi yau, gobe mazan garin nan su ce ashe turmin yana da gidan da yake tsallakewa."

"Kunyar fa, Yaya? Da wane ido zan kalli mutane?"

"Kunyar taki a bayan yarinyar can take sauka."

Bulala ta sake sauka. Wannan karon yarinyar ba ta yi kuka ba, kuma shirun nan ne ya tashi Shekara tsaye.

Rana na tsaka ta mirgino turminta ƙofar gidanta. Bugu uku ta yi, mata suka fara fitowa suna gyara ɗaurin zane. Da suka ga ƙofar da aka tsaya, suka dubi juna, amma ba wadda ta koma. Turmi biyar suka ɗauki lugude, sai dai ba mai kira. Kowa ita yake jira.

Ta buɗe baki, sunan ya fito ƙasa-ƙasa, ita kanta da ƙyar ta ji. Ta ja numfashi.

"Muntaka! Muntaka ɗan Sha'aibu, fito!"

Taɓare suka tsaya cak. Ya fito ba takalmi, yana waige-waigen neman mai muryar.

"Inna? Ke ce?"

"Ni ce. Ka sa yau na yi abin da uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Ni na goya ka a shekarar yunwa, ko sau ɗaya ban huce a kanka ba. Yarinyar nan ce ta hana ruwan sama?"

Ya durƙusa a ƙasa mai zafi, ya cire hula.

"Na bari, Inna. Allah ne shaida, ku ma shaida ne."

Ta wuce shi, ta shiga ta kamo hannun Mariyama, suka nufi ɗakin Baiwa.

"Na ji," in ji Baiwa, ido a rufe. "Ashe kina da murya, kika bar ni ina ta tsage maƙogwaro." Ta laluba ta dafa kan yarinyar. "Ke kuma ƙawata, in kin girma ki ɗauki taɓarya."

Bayan azahar Baiwa ta cika, da kalmar shahada a bakinta. Shekara ta yi kuka ba ɓoyo, don ta rasa wadda ta fi kowa saninta a duniya. Muntaka yana cikin waɗanda suka yi haƙan kabari, ƙasa ta yi tauri har tafinsa ya fashe.

Da maza suka tafi da gawa, mata suka zauna a tsakar gidan ana jan casbi. Mariyama ta kwanta rub da ciki a cinyar kakarta. Shekara ta lakato man kaɗanya da yatsa tana bin shatin bulalar ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kafin ta kai na ƙarshe yarinyar ta yi barci.