Muƙamuƙin Mai Aski

"Buɗe bakin sosai," in ji likitan haƙori.

Ina abin yake! Da ƙyar yatsa ɗaya ke shiga. Wata huɗu ke nan muƙamuƙin mai aski a kumbure, an cire haƙori biyu, ramin ya ƙi rufewa, sai ruwa mai wari yake tsatsowa.

"Ciwon ya kai ƙashi. Wannan cuta ba kasafai take kama mai ƙarfin garkuwar jiki ba. Akwai maganin da kake sha kullum?"

Akwai mana. Ƙwaya safe da yamma, shekara tara, ita ta hana shi faɗuwa. Amma labule kawai ya raba shi da masu jiran layi, ga takalmin mai facin taya yana leƙowa ta ƙasa, mutumin da ke miƙa masa wuya duk Asabar. Wa zai miƙa maƙogwaronsa ga rezar mai farfaɗiya? Tsoro ya kama shi.

"Babu," ya ce.

* * *

"Baban yara, so kake ka ruɓe ina kallo?" Matarsa ta dire kofin ruwan ɗumi. "Na tambayi nas. Ta ce a jikin wasu, maganin kan raunana garkuwa. Ana iya canza shi."

"Kin manta ƙanwata?" Maganar ta fito a matse ta tsakanin haƙoransa. "Sau ɗaya ta faɗi a kasuwa. Har yau kofinta daban a gidan mijinta."

"Gara kofi daban da kabari."

Da suka koma asibiti, likita ya maimaita tambayar. Kafin mai aski ya girgiza kai, matarsa ta zuba ƙwayoyin a kan tebur.

"Na farfaɗiya ne, likita."

Tarin da ake yi a bayan labule ya tsaya cak.

* * *

An kankare ƙashin, an canza magani, kumburi ya saɓe. Bayan sati shida ya buɗe shago, ya share, ya jera almakashi. Maƙwabta suka yi ta ɗago hannu daga nesa. "Sannu da jiki!" Kowa kansa a aske tas, askin wani wuri.

Har la'asar ba wanda ya shigo. Ya hau kujerar, ya ɗaura wa kansa ƙyalle a wuya, ya fara aske gemun da ya tsiro a gefen ɗinkin.