Boris Mai Reno

Yayana bai taɓa rasa bayani a kan komai ba, amma tun da aka haifa masa ɗa ya zama malamin reno. Yaron kuwa Jiniya muke kiransa, don in ya buɗe baki har maƙwabta sai sun rufe taga. Uwarsa ta goya, ta jijjiga, ta yi waƙa, duk a banza. Mamanmu da ta raine mu gaba ɗaya ta gwada nata, ta mayar da shi tana cewa ƙugunta ya gaji.

Mutum ɗaya ke iya sa shi barci, wato Yaya. Zai ɗaure shi a ƴar kujerarsa a bayan mota ya zaga unguwa, kafin su dawo yaro ya yi laƙwas, baki a buɗe. Ni ƙanwarsa ce, na san abin da wannan yake nufi a wurinsa. A ofis ba mai neman shawararsa, a gida ko ƙwan fitila ya sa sai an kira wani ya gyara. Wannan ne abu ɗaya tak da ya fi kowa iyawa, ya kuwa riƙe shi da hannu biyu.

"Ku mata ba za ku gane ba," in ji shi, yana kaɗa makullin mota. "Natsuwar uba yaro yake ji. Kuma na lura ɗan nan yana son hagu. Ina karya kwana hagu zai lumshe ido. Alamar kaifin ƙwaƙwalwa ce."

Motar kuwa ta daɗe tana wani gurnani, wuuu, da yake ƙaruwa in an taka ta. Yaya ya ce muryar injin ce. Matarsa ta haƙura har ta gaji, ran nan ta ce ba za a sake saka mata ɗa a motar da ke kuka kamar injin niƙa ba. Dole ya nufi gareji, ni kuma na bi shi don ya sauke ni a hanya.

Bakaniken wani mai tumbi ne da bakinsa ba ya hutawa. Ya karɓi sitiyari muka hau titi. Ya karkata dama, ƙarar ta lafa. Ya karkata hagu, ta tashi wuuu har cikin haƙora.

"Ka ji ko, Oga? In ka yi hagu nauyin mota kan tayar dama yake komawa. Boris ɗin gaba na dama, wanda taya ke juyawa a kansa, shi ne ya mutu."

Da muka koma gareji ya ɗaga motar a jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta yi ƙwal-ƙwal. Ya juya ta da hannu, tana ƙara kamar an zuba mata yashi. Ya kwance notina, ya rataye birki a gefe, ya fitar da tsohon boris, giris ɗinsa ya ƙone baƙi ƙirin.

"Wane mugun ne ya sa maka wannan? Wasu ba sa tsoron Allah."

"Kai ne, bara," in ji Yaya.

"To, lokacin kayan ne ba su da kyau," in ji bakaniken, ya ci gaba da danna sabo.

Muka fito mota shiru, sai ka ce a kan katifa take tafiya. Yaya har da yabon kansa, wai dama ya daɗe yana zargin boris ɗin.

Washegari da la'asar Jiniya ya kunna. Yaya ya miƙe da taƙama ya ɗauke shi, na zauna a baya kusa da yaron. Muka zaga unguwa, kuka. Muka sake zagawa, kuka ya ƙaru. Yaya ya yi hagu, ya sake yin hagu, har masu shaguna suka fara ɗaga mana hannu kamar ƴan uwa. Ina kallon ƙeyarsa gumi na bin ta. Can na san Yaya ya gano wanda yake masa reno duk watannin nan, kuma da hannunsa ya bar shi a kwandon sharar gareji. Na so in yi dariya, amma wallahi tausayi ya ba ni.

Sai na ji wuuu. Na duba ƙasa, na duba taga. Ashe Yaya ne, baki a rufe, yana yi da maƙogwaro. Da ya karya hagu ya ƙara murya. Kukan Jiniya ya fara tsinkewa, ya koma shessheƙa, kansa ya langaɓe. Yaya ya kalle ni ta madubi, na gane roƙona yake in rufa masa asiri.

Asirin bai yi nisa ba. Ran Asabar za mu gaida Mama, matarsa na baya da yaron, Jiniya ya tayar, Yaya kuwa ya kama aikinsa a hankali.

"Kai, wannan bakaniken macuci ne," in ji ta. "Ƙarar tana nan yadda take."

"Gobe zan mayar masa," in ji Yaya.

Yana buɗe baki ƙarar ta ɗauke. Motar ta yi shiru, Jiniya ya motsa ya fara yamutsa fuska. Matar ta kalli madubi, ta kalle ni, na mayar da idona kan titi. Na ga Yaya ya kasa kunne, yana jiran abin da zai sauko masa.

Ta gyara wa yaron hula, ta ce, "Ci gaba mana, Baban Jiniya. Kai kaɗai ka iya."

Yaya ya gyara murya, ya sa sigina ta hagu.