Taken Mu'awiya

Ɗantani makaɗin noma ne, irin waɗanda ake gayyata ranar gayya su bi bayan samari da ganga suna zuga su har rana ta karya. A ƙauyensu da ke bayan Gurbin Bore, duk saurayin da ya isa riƙe garma sai Ɗantani ya yanka masa take, ɗan kiɗan da yake nasa shi kaɗai. Da an buga, mai shi zai ɗaga garma sama ya yi kirari, ko da yunwa ta kusa kayar da shi. Rago ma yana da nasa, sai dai ba ya so a buga.

Taken da ya fi kowanne daɗi na Mu'awiya ne, kuma kowa ya san dalili. Mu'awiya ɗan farin Ɗantani ne. Ɗantani da matarsa Yalwa mutanen da ne, bakinsu bai taɓa furta sunan yaron ba, daga "kai" sai "wancan". Abin da kunya ta hana baki, Ɗantani ya zuba shi a fatar ganga. In ya buga taken nan, duk gona ta san uba ne ke kiran ɗansa, ɗan kuma yana amsawa.

A gona aka harbe Mu'awiya, yana tsakiyar huɗa. Yaran Zubairu ne, jagoran 'yan bindigar dajin yankin, kuma ba su ma damu su rufe fuska ba. Ƙauye ya watse. Ɗantani da Yalwa suka raɓe a wani kango a Ƙaura Namoda, ganga tana rataye a ƙusa, ba mai taɓa ta.

Da damina ta sake ƙaratowa sai ga Alhaji Amadu, ɗan wani kwamitin sulhu, babbar rigarsa tana ƙamshin turare. Ya ce za a zauna da Zubairu a wajen Shinkafi don a bar mutane su koma gona, kuma taro ba ya armashi sai da kiɗan gargajiya.

Bayan ya tafi Yalwa ta ce, "Malam, waɗanda sunka kashe shi za ka yi ma kiɗi?"

"Ba su zan yi ma ba," in ji Ɗantani. "Matattunmu zan kira, ɗaya bayan ɗaya, gaban idonsu. In su ba su gane ba, mutanenmu na ganewa."

A wani fili kan hanyar Jangeru aka kafa rumfuna. Manya suka zauna a kujerun roba, talakawa a ƙasa. Mutanen daji suka iso kan babura, bindigogi a kafaɗa, kuma ba wanda ya ga ya dace a ce su ajiye. Aka yi jawabai kan yafiya, mafi yawansu daga bakin waɗanda ko akuya ba su rasa ba. Sannan aka kira makaɗi.

Ɗantani ya fara da taken Anas, wanda aka kashe a bakin rijiya. Ya bi da na Mujahid. Mutanen ƙauye suka sunkuyar da kai, wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Manya kuwa sai gyaɗa kai suke, sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Wani daɗi mai ɗaci ya kama Ɗantani. Yau dai ya faɗa musu, a tsakiyar taronsu.

Sai ya shiga taken Mu'awiya. Tun ranar da aka binne shi bai buga ba, hannunsa kuwa bai manta komai ba. Ya buga shi yadda bai taɓa bugawa ba, har ya daina ganin rumfa da mutane.

Da ya ɗago kai sai ya ga Zubairu a tsakiyar fili yana takawa. Abin takaicin, ya iya rawa. Daidai gurbin da Mu'awiya kan ɗaga garma, nan Zubairu ya ɗaga bindiga sama, yaransa suka kaure da ihu.

"Tsoho," in ji Zubairu yana haki, "wanga kiɗi na wa na?"

Ɗantani ya dubi mutanen ƙauyensu. Dukkansu sun san amsa, dukkansu kuma da ido suke roƙonsa. Kowanne yana da irin gero ɗaure a tsumma yana jiran ruwan shuka, da 'ya'yan da suka gaji da kwana da yunwa. Sunan da bai taɓa furtawa ba ya zo masa baki, ya mayar da shi.

"Ba shi da mai shi, ranka shi daɗe."

"To, yau ya samu," in ji Zubairu. "Daga yau nawa na. Sake bugawa."

Ɗantani ya sake. Ya yi ta sakewa har Zubairu ya gaji don kansa. Alhaji Amadu ya dafa kafaɗarsa ya ce ya taimaki zaman lafiya.

Sulhun bai kai kaka ba. Kiɗan ne ya daɗe. Daga waya zuwa waya ya bi Shinkafi da Zurmi ya iso Ƙaura, 'yan acaba suna sa shi a babura. Ɗantani bai gaya wa Yalwa abin da ya faru a taron ba, ta tambaya sau ɗaya ya ce an yi lafiya.

Wata ranar kasuwa ta dawo ba ta sayo komai ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da kwanonta a hannu.

"Na ji shi, Malam. Wurin mai cajin waya. Na tsaya kamar mahaukaciya ina jira shi amsa. Sai mai shagon yac ce min in matsa, wai kiɗin Zubairu na, ko ban sani ba."

Ɗantani ya dubi gangar da ke rataye a ƙusa, ya kawar da kai.

"Ni ban taɓa kiran shi ba," in ji Yalwa. "Kai aka bar ma. Yanzu da mi za ka kira shi?"

Ɗantani ya buɗe baki. Ta jira, ta daɗe tana jira, sunan bai fito ba.