Tuwon da Ya Ƙi Wucewa

Loma ta uku ce ta tsaya wa Baba Nababa. Ya dafa bakin akushi, ya miƙe wuya kamar mai leƙen bayan katanga, idanunsa suka kawo ruwa. Na tura masa moɗa. Ya kurɓa, ruwan ya dawo ta gefen bakinsa.

"A hankali, tsoho," in ji Malam Shago, abokin wasansa. "Ba mai ƙwace maka. Ko Kaltume tsakuwa ta zuba a miyar?"

"Tsakuwar tana cikin kanka," in ji Baba da murya ta dawo masa. Aka yi dariya.

Ni ban yi ba. A unguwarmu maza kan fito da ɗumamensu da safe gindin darbejiyar ƙofar gidansa, a haɗa kwanuka a yi ciyayya kafin a wuce gona. Tun da mahaifina ya rasu na gaji wurinsa a tabarmar, daidai gefen Baba Nababa, don katangarmu ɗaya da shi. Shi ya sa na ga abin da saura ba su gani ba. Sai ya yanko loma, ya kai kusa da baki, ya sauke hannun ta bayansa ya sake ta. Kaji uku suna tsaye a can, sun san lokaci. Shekarar ce taki ya gagari mutane, kowa ya rame, amma kajin nan sai sheƙi suke.

A hanyar gona na rage tafiya har muka saura mu biyu.

"Baba, tun yaushe abinci ke tsaya maka?"

"Wa ya ce maka yana tsaya mini?"

"Kaji."

Ya tsaya ya dube ni. "Sama'ilu, abin da ka gani, ka bar shi inda ka gan shi."

"Mu koma wajen likitar nan ta birni, ta leƙa. Ni zan kai ka."

"Wacce? Mai tiyo?" Ya yi tsaki. "Ai mun gwada ta."

Gaskiya ne, mun gwada, amma ba a kansa ba. Bara waccan ni na raka su birni da matarsa, Inna Kaltume. Ita ƙwannafi ke cin ta, irin wanda in ta ci abinci sai ta riƙe ƙirji tana salati, ruwa mai tsami ya taso mata har baki. A babban asibiti wata likita ta zura mata siririn tiyo ta baki, mai 'yar kyamara a kansa, ta leƙa tun daga maƙoshi har ciki. Ta fito ta ce ba ta ga rauni ba, hanyar abincin lafiya lau. Ta kuma ce ciwon gaskiya ne, mutane da yawa na shan wannan azabar ba a ga tabo ba. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce a ɗaga kan gadonta da bulo, kada ta kwanta da ta gama cin abinci. Sannan ta juya ta tambayi Baba ko shi ma yana ji. Ya ce ya shekara ashirin yana ɗan ji, amma da ya jiƙa kanwa ya sha sai ya wuce. Ta ce zafin da mutum ke ji ba shi ke nuna girman ɓarnar ba, in wata rana abinci ya fara tsaya masa, ya zo a makon, kada ya jira.

Duk wannan a kunnena aka faɗa. Amma Baba abu ɗaya ya ɗauko ya kawo gida: ba a ga komai ba. Ya ba da labarin a ciyayya har ya ishi mutane. Bulo biyun da na sa wa Inna a ƙarƙashin gado ma, cire su ya yi ya tokare ƙofar akurki. Ya ce gado ba tudu ba ne.

"Ka yi tunani mana," in ji shi a bakin gonar. "Matar da ke ihu wuta na cin ta, an leƙa ba komai. Ni da ƙwannafin ma ya bar ni tun farkon damina, ko kanwa na daina sha, me za su gani? Warkewa na yi."

"Baba, ai ta ce..."

"Na ji abin da ta ce. Bari a yanke gero."

Ban iya musu da babba ba.

Aka yanke gero. A shekarar ba a barin dami ya kwana a gona, don yunwa ta sa ana ɗauka, sai muka kwashe a rana biyu. Na tuna masa. Ya ce bari a cire gyaɗa. Aka cire gyaɗa, ya ce dawa ta kusa, wa zai bar dawa a tsaye ya je ya kwanta a gaban mace ta zura masa roba? Na ce ni zan girbe masa, in tara samari mu yi gayya. Ya ce ba a yi wa mai ƙafa biyu gayya. A lokacin ya ƙara wa tazugen wandonsa ƙulli, rigarsa tana rataye a kafaɗa kamar a jikin ƙusa. Inna Kaltume kuwa kullum akushi na komo mata a wanke tas, tana murna mijinta na ci. Da rana yakan ce mata kunu yake sha'awa, saboda zafi.

Na kwana nawa ina juya abin. In na faɗa, na tona asirin dattijon da ya ce in rufe. In na yi shiru, ina zaune a gefensa ina kallo.

Ranar wata Laraba Malam Shago ya ce, "Nababa, kai kam ina abincin ke zuwa? Kana share akushi kana ƙara zama kara."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ba ya ci. Kaji yake ba. Wata uku ke nan tuwo ba ya wuce masa."

Baba ya goge hannunsa a hankali, ya ɗauki hularsa.

"Ubanka ya zauna a nan shekara talatin," in ji shi, "bai taɓa ƙirga mini loma ba."

Ya shige gida. Kwana shida bai fito ba, in na gaishe shi ta kan katanga ba ya amsawa. A na bakwai Malam Shago ya shiga har ɗaki ba wasa a fuskarsa, Inna Kaltume na tsaye a ƙofa tana kuka tana faɗa. Da safe muka hau motar birni.

Likitar ta gane mu. Da aka gama duba shi da tiyon, ta kira mu ni da Inna, Baba na zaune a gefe, maganin barcin bai gama sakinsa ba. Ta ce tiyon ma ya ƙi wucewa. Wani ƙari ne ya fito a ƙasan hanyar abincin ya kusa toshe ta, ta ɗebi kaɗan za a auna, amma ba ta ji daɗin abin da ta gani ba.

"Tun yaushe yake tsaya masa?"

"Tun damina," na ce.

Ta rufe ido, ta buɗe. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Likita," in ji Baba, "ni fa ba na jin zafi. Ko kaɗan."

"Na sani, Baba. Wani lokaci haka yake zuwa."

Ya nuna Inna da haɓa. "To ita da kika ce ba komai, kukan me take yi?"

"Ban ce ba komai ba. Cewa na yi ban ga rauni ba. Zafin da take ji, tana jin sa."

Da sakamako ya fito aka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya yaɗu. Aka ba shi abin rage wahala, muka dawo gida. Dawar tasa mu muka girbe, da gayyar da ya ƙi.

Ya yi kwana arba'in da wani abu. Daga kunu ya koma ruwan kunu, daga nan sai Inna ta riƙa jiƙa tsumma tana ɗiga masa. Ni haushi nake ji, na rasa na wa. Wata rana nasa, wata rana na kanwa, yawanci nawa, da na bari gero ya wuce, gyaɗa ta wuce.

Wata la'asar ya aika a kira ni. Yana kwance a zaure, muryarsa kamar ta fito daga rijiya.

"Mai ƙirga loma."

"Na'am, Baba."

"Bulon nan na ƙofar akurki. Ka mayar mata ƙarƙashin gado." Ya huta. "Ka sa ta wajen kai. Kada ka yi shirme."

Na je na ɗauko, na kankare kashin kaji, na ɗaga gadon na sa. Inna Kaltume tana tsaye tana kallona, hannunta a ƙirji kamar kullum.

"Shi ya ce?"

"Shi ya ce."

Ta juya ta shiga madafa, ta daɗe ba ta fito ba.

Ya cika ranar Lahadi da hantsi, Malam Shago na riƙe da hannunsa. Kafin azahar mun kai shi.

Bayan addu'ar bakwai aka koma ciyayya. Kowa ya fito da kwanonsa, aka zauna yadda aka saba, ba wanda ya matsa ya cike wurin da ke gefena. Malam Shago ya buɗe baki zai yi wata magana, ya fasa, ya yi bisimilla. Muna cikin ci na ji motsi a bayana. Kajin nan uku ne suka zo suka tsaya daidai inda suka saba, suna karkata kai, suna kallon tabarma.